Farfelar Baba Gado da Idon Malam Isiyaku

Ranakun aiki da yawa sun shuɗe ban riƙe komai daga cikinsu ba, amma ranar da farfela ta tsinke a filin makarantarmu tana nan a raina kamar jiya aka yi. Wasunku sun ji labarin a bakin mutane, guntu nan guntu can. Tunda 'yan makonni suka rage mini in ajiye aiki, gara ku ji shi cikakke daga bakin wanda ya jawo shi.

A lokacin ina malamin bita, wato ɗakin aikin hannu, a sashen gyaran injuna na makarantar koyon sana'a, nan ƙasar Yauri. Ina matakin albashi na tara. Shugaban sashenmu ya yi ritaya, aka ba ni riƙon ƙwarya, wato ina yin aikin shugaba amma ba a tabbatar mini da kujerar ba. Tabbatarwar sai firinsifal ya rubuta shaida mai kyau a kan mutum, jami'an ma'aikatar ilimi su zo su gani da idonsu, sannan takarda ta fito. Na shekara biyu da rabi ina jiran wannan takarda.

Shugaban da ya yi ritaya ya bar mana wani abu da makarantu kaɗan suke da shi, wato jirgin waya. Ga waɗanda ba su sani ba, ɗan ƙaramin jirgin sama ne, faɗin fukafukansa bai wuce tsawon hannun mutum ba, amma da injin gaske a hancinsa. Wayoyin ƙarfe biyu sirara, masu tsawon ƙafa sittin, suna fitowa daga fiffikensa na hagu su zo ga wani mariƙi da matuƙi yake riƙewa. Matuƙi yana tsaye a tsakiyar fili, jirgi yana kewaya shi, shi kuma yana juyawa tare da shi. In ya ɗaga hannu fiffiken wutsiya ya ɗaga, jirgi ya hau. In ya sauke, jirgi ya sauko. Duk ikonka a kan jirgin yana ga miƙewar wayar nan. Da zarar ta yi sanyi ta saki, ba kai kake tuƙi ba kuma.

Jikin jirgin mu muke yi da tukurwa da katakon rimi saboda rashin nauyi. Injuna kuwa biyu ya bar mana a cikin akwati. Akwai ƙarami mai ƙarfin si-si biyu da rabi, akwai babba mai si-si shida. Ba fetur suke sha ba, wani sinadari ne ake haɗawa da man zurma, kuma Malam Isiyaku, mai kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, shi ke haɗa mana. Mutum ne mai shiru, ya girme ni da shekara biyar, yana mataki na bakwai. Duk ranar da za mu tashi jirgi shi ke tayar da injin, ni in riƙe waya.

Ƙa'idar da aka koya mini tun farko ita ce, kowane injin da farfelarsa. Ƙaramin yana son mai tsawon inci takwas. Babban yana son mai inci goma. Farfela kaya ce da ake ɗora wa injin. In ta yi masa girma sai ya yi ta nishi yana zafi, jirgi ya kasa tashi. In ta yi masa ƙanƙanta sai ya rasa abin da zai riƙe shi, ya yi ta gudu fiye da yadda aka gina shi. Na san wannan. Na ma rubuta shi a allo ba sau ɗaya ba.

Farfelun kanti da muka gada duk sun kakkarye wajen koyon tuƙi, kuma ba a sayar da su a nan kusa. Shi ya sa na nemi Baba Gado. Tsohon masassaƙi ne a bakin ruwan Yelwa, Bagunge, iyayensa daga wani gungu, wato tsibiri, suka taso lokacin da ruwan tafki ya ci garuruwa. Kwalekwale yake sassaƙawa da filafilin tuƙi, kuma masu jiragen injin suna kawo masa farfelunsu in sun bugi kututture ya daidaita musu. Na kai masa guntun farfelar kanti, ya jujjuya ta a hannu, ya shafa karkacewarta da babban yatsa, ya ce in dawo bayan mako. Da na dawo ya miƙo mini farfelar maɗaci mai inci takwas. Ya soka ƙusa a raminta ya riƙe a kwance, ba ɓangaren da ya rinjayi wani. Shekara biyu muna tashi da irinta a kan ƙaramin injin, ko sau ɗaya ba ta ba mu kunya ba. Har firinsifal ya yarda Baba Gado ya riƙa zuwa ranar Alhamis yana nuna wa ɗalibai riƙon gizago.

A ƙarshen zangon karatu na biyu aka sanar da mu jami'an ma'aikata za su zo ranar Laraba, a nuna musu ayyukan kowane sashe. Firinsifal ya kira ni ofis ya ce, "Malam Sani, jirginka shi ne abin da za su tafi suna magana a kai. Ka tabbata ya tashi." Bai ambaci takardata ba, amma ni da shi mun san abin da ke tsakanin maganar.

Lokacin bazara ne, gab da faɗuwar damina, iska tana tasowa daga tafki tun hantsi. Ranar Asabar muka fita gwaji. Duk sanda jirgin ya zagayo ɓangaren da iska ke bugowa, sai ta turo shi ciki, waya ta saki, sai na ja da baya da gudu kafin ta sake miƙewa. Sau biyu ya kusa faɗuwa. Ƙaramin injin ba shi da ƙarfin da zai ja jirgin ya riƙe waya a wannan iska. Na yanke shawara in sa babban.

Ranar Lahadi da safe na tafi bakin ruwa da babban injin a aljihun riga. Na tarar da Baba Gado a ƙarƙashin rumfarsa yana fafe cikin wani kwalekwale. Muka gaisa, na nuna masa injin, na ce ina son farfela mai inci goma kafin Laraba.

Ya karɓa ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya ce, "Malam, kwana ukku ba su isa. Itacen da ni ke da shi yanzu ɗanye na. Busasshen shina Shanga wurin ƙanena, sai an kawo. Ka ba ni mako guda."

Na ce, "Baba, baƙin ba za su jira mako ba. To in na sa waccan da ka yi mini fa?"

Ya ajiye gizago ya dube ni. "Waccan ta ƙaramin ta. Ka taɓa ganin an sa farfelar ƙaramin jirgi ga babban injin ruwa? Kuka shi kai awa an yanka akuya, ba shi jan komi, sai dai shi kashe kanai. Kuma raminta ba shi shiga sandar wanga. Kada ka taɓa ramin, Malam. Duk ƙarfin farfela ga cibiyarta shi ke."

Na ce masa to, na gode. Na dawo bita na yi daidai abin da ya hana ni.

Ranar Litinin babu wuta, injin huda na tebur ba ya aiki. Sai na ɗaure farfelar a matsi na ɗauki mahujin hannu na faɗaɗa ramin. Hannu ba ya tafiya daidai kamar injin. Ramin ya ɗan karkace gefe guda, kuma da na ɗaga ta a hasken taga na ga wani siririn tsagu ya taso daga bakin ramin, bai kai tsawon farce ba. Na tsaya ina kallonsa. Sannan na ɗiga masa gam, na shafa jan fenti a cibiyar, na ɗora ta a injin na ɗaure noti da ƙarfi har katakon ya ɗan lotsa. Na tayar da injin ni kaɗai a bayan bita na ɗan lokaci. Ƙararsa ta yi tsini fiye da yadda na taɓa ji. Na gaya wa kaina ai ƙarfi ke nan. Ban gaya wa Malam Isiyaku komai ba sai cewa na canza injin.

Ranar Laraba wajen ƙarfe goma sha ɗaya baƙi suka gama zagaya azuzuwa suka fito fili. Mun ja igiya, ɗalibai suna bayanta, baƙi a kan kujeru ƙarƙashin darbejiya. Na warware wayoyi na tafi tsakiyar fili na riƙe mariƙi. Ku lura da wannan: a duk filin nan, ni ne na fi kowa nisa da farfelar. Wani malamin sashenmu ya durƙusa ya riƙe wutsiyar jirgin. Malam Isiyaku ya zuba mai, ya maƙala wayar batir a kan filogi, ya kaɗa farfela da ɗan sanda. A kaɗawa ta uku injin ya kama.

Daga inda nake na ji ƙarar tana hawa, tana hawa, ba ta tsaya inda ya kamata ta tsaya ba. Ɗalibai suka yi sowa. Na ga Malam Isiyaku ya ɗago kai ya dube ni, kamar mai tambaya. Da na ɗaga masa hannu a lokacin na ce ya toshe mai, da shi ke nan. Sai na yi masa alamar ya ci gaba. Ya sunkuya ta gefe don ya cire wayar batir, fuskarsa ta zo daidai layin da farfela ke juyawa.

Ƙarar da na ji ba ta da girma, kamar an karya kara. Injin ya yi wani irin ihu, jirgin ya yi ta karkarwa a hannun mai riƙe da shi, sannan ya mutu. Malam Isiyaku ya zauna a ƙasa, hannunsa biyu a kan fuska. Bai yi kuka ba. Salati kawai yake yi a hankali. Kafin in iso, jini ya sauko ta tsakanin yatsunsa ya jiƙa gaban farar rigarsa.

A motar baƙin aka kai shi asibitin gari, daga nan aka ce sai Sakkwato. Ana cikin wannan rububi, kowa ya bi mota, ni na koma wurin jirgin. Reshe ɗaya na farfelar ya tafi, ɗayan yana nan manne da cibiya a jikin injin. Na kwance noti na zare shi. Tsagun ya bi daidai inda na shafa fenti. Na sa shi a aljihu, da na je bita na jefa shi can cikin durowar teburina na kulle. Ban tsaya na yi shawara da kaina ba, hannuna ne kawai ya yi, kuma wannan ya fi ba ni tsoro in na tuna.

Bayan kwana tara aka dawo da Malam Isiyaku. Idon hagu ya tafi.

Ƙa'idar aiki ita ce, in ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, shugaban makaranta zai rubuta rahoton farko cikin kwana biyu, sannan a kafa kwamitin bincike. Firinsifal ya tambaye ni abin da ya faru, na ce farfela ce ta tsinke. Ya ce wace iri ce, na ce ta katako, sassaƙar gida. Duka gaskiya ne, kuma duka ƙarya ne. Ya rubuta cewa hatsarin ya faru ne saboda amfani da farfelar gargajiya da ba ta da inganci. Ban ga laifinsa ba, abin da na ba shi ya rubuta. Wannan bayani ya yi wa kowa daɗi, domin wanda ya sassaƙa ba ma'aikaci ba ne, ba shi da fayil, ba shi da matakin da za a rage masa.

Abin da ban lissafa ba shi ne bakin ruwa. Kafin mako ya zagayo magana ta kai can cewa sassaƙar Baba Gado ta tsiyaye idon malamin makaranta. Masu jiragen da ke ɗaukar mutane zuwa ƙauyukan Ngaski da tsallaken tafki suka fara janye aikinsu. Ba za ka zarge su ba. Mutumin da zai ɗauki rayuka a kan ruwa ba ya wasa da irin wannan magana. Wani da ya ba shi aikin sabon kwalekwale ya zo ya kwashe katakonsa. Tsohon da ya yi shekara fiye da arba'in ana rantsuwa da hannunsa ya koma zaune a rumfa babu mai tsayawa.

Kwamitin mutum uku ne, shugabansu wani jami'i daga ofishin shiyya, mai mataki na goma sha huɗu. Suka zauna a ɗakin taron malamai. Aka aika wa Baba Gado ya zo. Ya shigo da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya cire takalmi a bakin ƙofa ko da yake ba wanda ya cire. Aka ba shi kujera ya ce ƙasa ta ishe shi, sai da shugaban ya matsa masa ya zauna.

Aka ajiye masa reshen da aka tsinto a fili. Shugaban ya ce, "Baba, wannan aikinka ne?"

Ya ɗauka ya shafa. "Aikina na, ranka shi daɗe."

"Ka yarda ke nan ita ce ta tsinke ta ji wa malamin rauni?"

"Ita ta. Amma ina sauran? Ina cibiyar? Farfela ba ta karyewa haka nan banza. In na ga cibiyar, ni san abin da ya same ta."

Shugaban ya juyo gare ni. Na ce an nema ba a gani ba, wataƙila ta faɗa cikin ciyawa.

Baba Gado ya dube ni. Ya san na zo masa ranar Lahadi, ya san abin da na tambaya da abin da ya ce mini. Kalma biyar ta ishe shi ya kwance ni a gaban mutanen nan. Na jira ta. Sai ya mayar da idonsa kan reshen da ke hannunsa ya ce, "To, Allah shi ya san abin da ya faru. Ni dai ga ƙaramin injin niy yi ta." Ba wanda ya gane nauyin maganar a cikinsu, domin ba su san injuna biyu ne ba. Magatakarda ya rubuta cewa ya amsa aikinsa ne. Aka ce za a sake zama ranar Litinin a rufe rahoto, kuma daga ranar an dakatar da zuwansa makaranta.

Ranar Asabar bayan la'asar na je gaida Malam Isiyaku. Na je sau uku kafin nan, amma kullum cikin ayarin malamai, in ɓuya a bayansu. Wannan karon ni kaɗai ne. Na same shi a zaure a kan tabarma, farin bandeji ya rufe rabin fuskarsa. Innarsa, tsohuwa ƙwarai, ta leƙo ta sa mini albarka, tana cewa an gaya mata ni na fi kowa damuwa da ɗanta. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ta koma ciki. Can ya ce, "Malam Sani, shekara nawa ina tayar maka da injin?"

Na ce biyu da wani abu.

Ya ce, "Na san kukan ƙaramin, na san kukan babban. Abin da na ji ran nan ba kukan ɗayansu ba ne. Kuma da na durƙusa na ga sabon fenti a cibiya. Baba Gado ba ya shafa fenti."

Na fara cewa, "Malam, wallahi ban yi nufin..."

Ya ɗaga hannu. "Ban ce ka yi nufi ba. Ni ma na ji ƙarar, na kuma sunkuya ta inda aka hana. Ido ya tafi, abin da Allah ya rubuta ke nan, ba kuma zan kai ƙararka ko'ina ba. Kwamiti sun aiko, na ce musu ban ga komai ba sai duhu. Amma tsohon nan fa? Matata ta je kasuwa ta ji abin da ake faɗi a kansa. Ni ido ɗaya na rasa, kuma ina da albashi. Shi sunansa ne gonarsa. Mi ya yi maka?"

Da zan tafi ya ce, "Ba ni zan faɗa ba. Kai za ka faɗa, ko ka bari. Amma in ka bari, kada ka ƙara zuwa gaishe ni."

Ranar Litinin na buɗe durowa na ɗauko guntun. Kwamiti sun zauna, rahoto a buge, saura sa hannu. Na nemi izinin magana. Na ajiye guntun a kan tebur kusa da ɗan'uwansa, na ɗauko injunan biyu na jera. Na yi musu bayani kamar yadda nake yi wa ɗalibai: wannan farfelar ta wannan injin ce, ni na ɗora ta a kan wancan. Ga ramin da na faɗaɗa, ga karkacewarsa, ga tsagun da na gani na rufe da fenti. Na ce masassaƙin ya hana ni da bakinsa kwana uku kafin ranar, kuma ni na ɓoye wannan guntun.

Firinsifal ya cire tabarau ya ajiye. Shugaban kwamiti ya daɗe yana jujjuya guntun, sannan ya ce, "Malam, ka san abin da wannan zai jawo maka?"

Na ce, "Na sani, Yallaɓai."

Ya ce, "Kuskuren farko na aiki ne, kowa na iya yi. Na biyun shi ne zan rubuta da jan biro."

Aka ba ni takardar tuhuma, wadda ake ba ma'aikaci ya amsa cikin kwana biyu dalilin da zai hana a hukunta shi. Na amsa a layi huɗu, ban kare kaina ba. Hukunci ya fito bayan wata biyu: gargaɗi mai tsanani a fayil, an karɓe riƙon sashe an ba wani, an tsayar da ƙarin girmana shekara uku. Aka kuma hana tashin jirgin waya a makarantar. Sabon rahoto ya wanke Baba Gado sarai, aka buga masa wasiƙa da hatimi, ni na roƙa a ba ni in kai masa.

Na same shi a rumfa yana gyaran wani tsohon filafili, aikin da a da yake bar wa masu koyo. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na karanta masa wasiƙar na fassara. Ya saurara har ƙarshe. Ya karɓa ya ninke ta ya sa ƙarƙashin tabarma.

Ya ce, "Na gode, Malam. Ni na yafe tun ran da munka zauna gaban manyanku, don na ga tsoro ga idonka, kuma na san tsoro. Amma wagga takarda, wa za shi karanta ta nan? Masu jirgi ba su karatun boko. Inda anka ɓata ni, nan za a gyara ni. Ka taho ran kasuwa."

Wannan ya fi mini tsayuwa gaban kwamiti wuya. Kwamiti mutum uku ne a ɗaki, ƙofa a rufe. Bakin ruwa ranar kasuwa kuwa, jirage sun jeru tun daga na Shanga har na tsallake, masu kifi, masu ɗaukar buhunan shinkafa, 'yan acaɓa, iyayen ɗalibaina, har da surukina da ke sayar da man injin a wurin. Shugaban masu jirage ya tara mutanensa a gindin wata bishiya bayan azahar. Na tsaya a tsakiyarsu da guntayen farfela a hannu, na faɗi abin da na yi tun daga farko, ban rage ba. Su ba su buƙaci dogon bayani ba. Da na ce na sa ƙaramar farfela a babban injin, sai na ji gunaguni ya zagaya, wani dattijo ya ce, "Subhanallahi, kai kuwa malami!" Suka karɓi guntun suna miƙa wa juna, kowa ya sa yatsa a ramin ya ji karkacewar.

Baba Gado yana zaune gefe. Da aka watse, mutumin da ya kwashe katakonsa ya zo ya tsuguna gabansa. Ban ji abin da suka ce ba. Aiki ya dawo masa a hankali, ko da yake ba duka ba, don akwai waɗanda labarin farko ya isa gare su na biyun bai isa ba. Makaranta ta aika masa sau biyu ya dawo koyarwar Alhamis. Ya ce a gode masa, ƙafarsa ba ta son tafiya. Bai ƙara taka filinmu ba har Allah ya karɓi ransa. Na je jana'izarsa. Allah ya jiƙansa.

Malam Isiyaku ya dawo aiki bayan wata huɗu da baƙin tabarau. Mun ƙara shekara goma sha ɗaya tare kafin ya yi ritaya. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa. A makonsa na farko muka fito tare za mu tsallaka babban titi zuwa masallaci, manyan motoci suna wucewa. Ni don kunya na koma ta damansa, inda yake gani. Sai ya kama hannun rigata ya zagayo da ni. Ya ce, "Ta hagu za ka tsaya, Malam Sani. Nan ne ba ni gani." Tun daga ranar, duk inda za mu je tare, ta hagunsa nake tafiya.

Ga abin da nake so ku riƙe, ku da za ku ci gaba da bitar nan. Injin ba ya sanin baƙi sun zo, ba ya sanin kana jiran takarda. Abin da ka ɗora masa shi zai juya, in ya fi ƙarfinsa ko ya gaza masa zai nuna, kuma sau da yawa ba a jikin wanda ya ɗora ba. In wanda ya san aiki ya ce maka mako guda, to mako guda ne, ko da bai taɓa shiga aji ba. In kuma abu ya ɓaci a hannunka, ka faɗa tun guntun yana da ɗumi, domin laifin da ka ajiye a durowa ba ya zama a can, yana fita ya nemi wanda ba shi da mai tsaya masa ya hau kansa. Ni na yi sa'a, na faɗa hannun mutum biyu da suka fi ni, ɗaya ya yi shiru ya rufa mini asiri, ɗaya ya ƙi yarda in zauna cikin rufin. Ba kowa ke samun irinsu ba.